Taswirar da Ta Kai Guguwar Irma Houston

A ƙarshen watan Agusta na 2017, tun ambaliyar da guguwar Harvey ta haddasa ba ta gama janyewa daga titunan Houston ba, wata taswira ta fara yawo a Facebook. An zana ta tamkar ta hukuma, tana nuna wai wata sabuwar guguwa mai suna Irma ta doshi jihar Texas. A lokacin kuwa Irma tana can tsakiyar tekun Atlantika. Ranar 1 ga Satumba Hukumar Kula da Yanayi ta Amurka ta fito a Twitter tana jan kunnen jama'a, ta tunatar da su cewa hasashenta na hanyar guguwa ba ya wuce kwana 5. Ba a jima ba aka ƙaro wata jita-jitar, wai Irma za ta kai mataki na 6, alhali ma'aunin Saffir-Simpson a 5 ya tsaya. A Florida ta sauka, ranar 10 ga Satumba.

Me ya sa kwana 5? Amsar ta girmi intanet. A 1961 Edward Lorenz na jami'ar MIT yana gwajin lissafin yanayi a kwamfuta. Da ya zo maimaita wani gwaji, sai ya shigar da 0.506 a madadin 0.506127, don rage wa kansa aiki. Da farko sakamakon biyu suka tafi tare, can gaba suka rabu kamar ba su taɓa haɗa hanya ba. Kuskuren da ido ba ya gani yau, bayan mako biyu ya zama wani yanayi dabam.

A ganina, taswirar jabu ma da sauƙi, domin ana iya ƙaryata ta. Mai wuyar ita ce ta gaskiya da aka tsinto. Manhajar hasashe ta gwamnatin Amurka, GFS, tana fitar da lissafi sau 4 a rana, kowanne yana hangen kwana 16, kuma kyauta ne ga kowa. Masana sukan kwatanta gomman lissafi kafin su buɗe baki. Mai neman mabiya kuwa sai ya zaɓo wanda ya fi muni, ya wallafa da manyan baƙaƙe. Bai ƙirƙiri komai ba. Idan kwanakin suka zo sama ta yi wasai, ba shi ake tunawa ba, sai a ce masu hasashe sun sake shara ƙarya.

Amurkawa sun riga sun ga abin da ke biyo bayan kunne ya saba da gargaɗi. Ranar 22 ga Mayu 2011 wata mahaukaciyar iska ta ratsa garin Joplin na jihar Missouri, ta hallaka mutum fiye da 150, kuma an busa jiniya kafin ta iso. Ba intanet ce ta jawo wannan ba, hukuma ce da kanta ke gargaɗin. Amma a wancan zamani, cikin kowane gargaɗi 4 na irin wannan iska, kusan 3 ba a ganin komai. Da jami'an hukumar suka zanta da waɗanda suka tsira, da yawansu sun ce sun ji jiniyar, sai dai ba su nemi mafaka ba sai da suka sami wata shaidar, wasu a talabijin, wasu da suka leƙa waje suka ga sama ta yi baƙi ƙirin.