Abin da Mai Nasara Ke Bari: Daura da Japan

Idan aka ci ƙasa da yaƙi, tambayar farko da ke gaban mai nasara ita ce yadda zai yi da gadon sarautar da ya tarar. Tarihin Daura ya ba mu amsa guda, na Japan kuma ya ba mu wata mai kama da ita, sai dai abin da ya biyo baya ya sha bamban ƙwarai.

Mu fara da gida. Wajen shekarar 1805, Malam Ishaku, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu, ya ci Daura, ya kori Sarkin Gwari Abdu. Zuriyar tsohon gidan suka kafa sarautunsu a Zango da Baure. Haka aka zauna kusan shekara ɗari, har sojojin Lugga suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Daura ta faɗa hannun Turawan Ingila, iyakar da suka shata da Faransa kuma ta raba ƙasar. A 1906 suka tuɓe sarkin Fulani, suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi shekara 55 a kan gado.

Mukan ba da wannan labari da farin ciki, wato gida ya koma hannun masu shi. Amma kada mu manta wanda ya naɗa shi ne ke da ikon tuɓewa. Turawa ba su da isassun ma'aikata ko kuɗin da za su riƙe Arewa da kansu, saboda haka suka bar sarki da hakimai da alƙalai, suka kafa En'e da baitulmali, Razdan da Di'o na sa ido. Sun hana cinikin bayi, sun daidaita haraji, amma talaka bai samu bakin magana a kan wanda zai mulke shi ba.

To, mu leƙa Japan. Bayan ta miƙa wuya a 1945, sojojin Amurka ƙarƙashin Janar MacArthur suka mamaye ta. Su ma sun bar Sarki Hirohito a kan gadonsa, don sun ga umarninsu zai fi tafiya ta bakinsa. Sai dai sun raba shi da iko. A watan Afrilun 1946 mata suka jefa ƙuri'a karo na farko, 39 daga cikinsu suka shiga majalisa. Tsarin mulkin 1947 ya mai da mulki hannun jama'a. Aka sayi gonaki daga manyan masu ƙasa aka sayar wa manoman da ke noma su haya. A 1952 mamayar ta ƙare, shekara bakwai ke nan.

Mu kuwa shekara 57 muka yi, daga 1903 zuwa 1960. Zaɓen majalisar Arewa bai zo ba sai 1951, shi ma hawa-hawa aka yi shi ta hannun wakilai. Matanmu ba su samu 'yancin ƙuri'a ba sai 1976, Turawa sun daɗe da tafiya.

Me ya kawo wannan bambanci? Ba tausayi ba ne. Amurka na tsoron Japan ta sake ɗaukar makami, don haka ta karya ƙarfin sojojinta da masu ƙasarta. Ingila kuwa zaman lafiya da haraji da gyaɗa take so, tsohon tsari kuma yana ba ta su cikin arha. Ban da haka, Japan ta riga ta san majalisa tun 1890, ba a kan fako aka yi shukar ba.

Gyaran da muka samu, 'yan ƙasa ne suka matsa aka yi shi. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin gyara En'e a majalisar Kaduna. A wannan shekara aka kafa NEPU a Kano, 'ya'yanta suka sha ɗauri da bulala a kan 'yancin talaka. Wanda ya ci ka da yaƙi, abin da zai amfane shi kaɗai yake gyarawa. Sauran aikin naka ne, kuma iyayenmu sun biya kuɗinsa da fatar bayansu.