Daga Kiskadi Zuwa Aji Mai Ƙyaure: Waiwaye Kan Karatun Yara a Sarari

Idan muka waiwayi tarihin ilmi a ƙasar Rano, za mu tarar cewa aji mai bango huɗu da ƙyaure baƙo ne, domin kakanninmu a sarari suka yi karatunsu. Almajirin tsangaya shi ke shiga daji ya yanko gamba ya fiƙe alƙalaminsa, ya ɗebo ƙaro ya haɗa tawada, ya roro karan da za a hura wutar karatun dare da na asuba. Allon da yake riƙe da shi ma sau da yawa daga icen aduwa aka sassaƙo shi. Gardawa kuwa kiskadi suke fita, wato su bar hayaniyar gari su zauna a gindin bishiya suna tilawa. Ta haka yaro kan tashi ya san itatuwa da sunayensu da amfaninsu, ya san alamun saukar damina, ba tare da an kira wannan darasi ba.

Ko bokon ma da ya zo bai fara da kulle yara ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, inda ake koyarwa da harshen Hausa, ana kuma haɗa karatu da sana'o'in hannu irin su dukanci da ƙira da aikin kafinta. Daga baya gonar makaranta ta zama ruwan dare a firamare, musamman da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976. Kowane aji da kunyoyinsa, kuma wanda ya auna tsawon kunya da igiya ya ƙirga ramukan gyaɗa bai sha wuyar lissafi a allo ba.

Abin mamaki, a wannan shekara ta 1976 ce gindin bishiya ya fara zubar da mutuncinsa. Da aka soma shirin ilmin firamare kyauta, wato UPE, a watan Satumba, yara suka yi wa makarantu yawa, azuzuwa suka kasa, aka riƙa zaunar da ragowar a ƙarƙashin darbejiya ba benci ba allo. Tun daga nan idan aka ce yara na karatu a gindin bishiya, abin da ke zuwa zuciya shi ne talauci da sakaci. Muna da gaskiya da muka ƙi jinin wannan, kuma gina azuzuwa wajibi ne da ƙungiya ba za ta sassauta a kansa ba. Sai dai a ganinmu an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: yaron da aka zaunar a waje don babu aji, da yaron da malami ya fitar da gangan don ya nuna masa abin da littafi ke faɗa.

Ga shi kuwa Allah ya hore mana abin nunawa. Duwatsun Rurum kaɗai sun ishi malamin labarin ƙasa ya bayyana yadda rana da ruwan sama ke tsattsaga dutse har ya koma ƙasar noma. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, tana kusa da mu, kuma ruwanta ke raya noman rani a Kadawa da Kura. Haka nan tarihin Hausa Bakwai ya kira Kano da Rano sarakunan baba, amma yara nawa ne a yau za su iya nuna ganyen baba a cikin ciyawa?

Masana na duniya ma sun dawo kan wannan turba. A ƙasar Taiwan, ganin yadda matsalar rashin hangen nesa ta yawaita a idanun yara, sai hukuma ta nemi makarantu tun daga 2010 su riƙa fitar da ɗalibai waje na awa biyu kullum, aka kuma ga matsalar ta fara raguwa, domin hasken rana na hana ƙwayar ido yin tsawon da ya wuce kima.

Wannan magana ta fi shafarmu mu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Ikko. Da yawa daga 'ya'yanmu gidan haya aka mayar musu makaranta, ba fili ba bishiya, daga aji sai mota, daga mota sai waya. Wasunsu ba sa bambance gero da dawa a gona, alhali su ne magadan gonakin da muka baro. Hutun ƙarshen zango na uku yakan faɗo a watan Agusta, lokacin da shuka ke kan ganiyarta, kuma tafiyar Kano zuwa gida ba ta cin yini. A gida kuwa, kafin filayen makarantu su tafi a hannun masu yanka fuloti, ya kamata reshen ƙungiya na kowane birni ya ɗauki makaranta guda, a auna filinta, a nemo masa takarda, a zagaye shi da dashen itatuwa.