Daga Alkhawarizmi Zuwa Malam Muhammadu Bakatsine: Waɗanda Suka Share Wa Kwamfuta Fage

 

Duk lokacin da aka zo lissafa magabatan da suka share wa kwamfuta fage, akan fara ne da Turawan Ingila na ƙarni na 19, a sauka a kan Amurkawan da suka yi arziki da ita. Wannan ɓari guda ne na labarin. Kwamfuta abu biyu ce: gangar jiki ta ƙarfe da waya, da kuma ƙa'idar da gangar take bi mataki-mataki ba tare da ta fahimci komai ba. Gangar jikin mai aiki da lantarki ba ta cika shekara 100 ba. Ita kuwa ƙa'idar ta haura shekara 1,000 a rubuce cikin littattafan malamanmu, kuma a cikin masu hannu a ciki akwai mutumin ƙasar Hausa.

Mu fara da Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun. A wajen shekarar 820 Miladiyya, Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya wallafa littafinsa na Aljabru wal Muƙabala, ya kuma bayyana cewa ya yi shi ne saboda buƙatun mutane na rabon gado, wasiyya, ciniki da awon filaye. Kaso mai yawa na littafin mas'alolin wasiyya ne. Da aka juya littafinsa na lissafin Indiya zuwa Latin sai sunansa ya koma Algoritmi, kuma daga nan aka sami kalmar da masu kwamfuta ke kiran kowace ƙa'ida mai matakai da ita. Larabawan yau suna ce mata khawarizmiyya.

Wanda duk ya karanta babin fara'id a Risala ya san abin da ake nufi. A fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya kada ta wuce sulusi, a ba masu farilla, abin da ya rage na asaba ne. Mutum ya bar mata da uwa da ɗa namiji: asalin mas'ala 24, mata ta ɗauki 3, uwa 4, ɗa 17. Ko a Argungu aka yi wannan rabo ko a Fas, amsar ɗaya ce, domin matakan ne ke aiki, ba basirar mai rabon ba. To, wannan shi ne ruhin kwamfuta.

Sai mu dawo gida. Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, wato Bakatsine, ya ɗauki karatu wajen malaman ƙasarsa da na yankin Barno, ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya kammala littafi kan ilimin aufaƙ mai suna Bahjatul Afaƙ. Ya rasu a 1741, daidai da 1154 Hijiriyya, a gidan Shehu Hasan Aljabarti, wanda ya yi karatun wannan fanni a wajensa, kuma shi ya bar wa wasiyyar littattafansa. Ɗan mai gidan, masanin tarihin Masar Abdurrahman Aljabarti, shi ya adana mana labarinsa. Allah ya jiƙansu.

Aufaƙ shi ne abin da muke kira hatimi: murabba'i mai gidaje, a zuba lambobi ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla ɗaya. Malam Muhammadu bai tsaya ga zana hatimai a haddace ba. Ya rubuta hanyoyin cika duk hatimin da gidajen layinsa wutiri ne, 3 ko 5 ko 7 har abin da ya yi sama. Ga ɗaya daga cikin hanyoyin da masana fannin suka sani. Sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba ta hau gida ɗaya sama, ta matsa ɗaya dama. In ta faɗa waje ta sama, ta ɓullo ta ƙasa. In ta faɗa ta dama, ta ɓullo ta hagu. In ta tarar da gidan a cike, ta sauka ƙarƙashin wadda ta gabace ta. Da wannan, hatimi mai gida 9 zai fito 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa, ko'ina jimla 15.

Na san ɗan'uwa mai karatu zai ce ai hatimi kayan 'yan tsibbu ne. Gaskiya ne an yi amfani da shi a laya, shi kansa marubucin ya haɗa shi da ilimin sirrin haruffa, kuma ni ba na karantar da wannan ɓangaren, malamai da yawa sun yi inkarinsa. Amma lissafin da ke ciki halal ne kamar kowane lissafi, kuma a ganina mun yi asara da muka haɗa tsaba da ƙaiƙayi muka zubar. Sai ga wata Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta tattauna aikinsa a littafinta na 1973 kan lissafin Afirka, alhali ɗalibanmu na kimiyya a Aliero da Birnin Kebbi da wuya ka sami wanda ya san sunansa.

Kada kuma mu wuce gona da iri, irin na masu cewa mu muka ƙirƙiro komai. Bakatsine bai ƙera na'ura ba. Wannan aikin wasu ne. Charles Babbage ya tsara injin lissafi a shekarun 1830 bai kammala shi ba. Ada Lovelace ta rubuta wa injin matakan aiki a 1843. Alan Turing ya nuna a 1936 cewa na'ura guda za ta iya bin kowace ƙa'ida in an rubuta mata. ENIAC da aka bayyana a Amurka a 1946 tana da kwalaben lantarki kusan 18,000, nauyinta kusan tan 30.

Abin da ya ƙanƙantar da wannan dodo har ya shiga aljihu shi ne tiransisto, wanda aka ƙirƙiro a 1947. Nau'in da ke cikin wayoyinmu da biliyoyi kuwa ya fito ne a 1959 daga hannun Mohamed Atalla, haifaffen Fot Sa'id a Masar, da abokin aikinsa ɗan Koriya Dawon Kahng. Atalla ɗin nan ne kuma ya ƙera, a farkon shekarun 1970, na'urar tsare lambar sirri ta katin banki. Dillalin kifi a Argungu da ke danna lambobi huɗu a POS yana cin gajiyarsa sau biyu.

Ga mai son gwada ƙa'idar can ta sama, ya zana murabba'i mai gida 25, ya zuba 1 zuwa 25. In ya bi matakan daidai, layin sama zai fito 17, 24, 1, 8, 15, kuma kowane layi zai ba shi 65.