3.2 Hutun Jinya a Gaban Kotun Ƙolin Amurka

A shekarar 1993 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar da ta ba ma'aikaci hutun mako 12 ba albashi, domin ya yi jinyar kansa ko ta wani daga iyalinsa. Sai dai dokar ta bar wata tambaya: shin ma'aikacin gwamnatin jiha zai iya kai ƙarar jiharsa ya nemi diyya?

William Hibbs ma'aikaci ne a jihar Nebada. A 1997 ya ɗauki hutu don jinyar matarsa wadda ta yi haɗarin mota, daga baya aka sallame shi. Jihar ta kafe cewa tsarin mulki ya kare ta daga irin wannan ƙara. A 2003 alƙalai 6 cikin 9 suka ƙi amincewa da haka. Hujjarsu ita ce an daɗe ana ɗaukar jinyar iyali aikin mata ne kaɗai, wanda ya sa ake ƙyamar ɗaukar mata aiki, ake kuma hana maza hutu. Wato dokar maganin wariyar jinsi ce.

Abin lura shi ne wannan hujja ce ta kayar da Daniel Coleman a 2012. Shi hutun rashin lafiyar kansa ya nema a jihar Merilan, kotun kuwa, da rinjayen 5 da 4, ta ce ba a nuna wariyar jinsi a nan ba, don haka ba shi da damar neman diyya.