Tsakanin Ciniki da Caca: Tarihin Kasuwar Hannun Jari a Idon Arewa

Tun kafin zuwan Turawa al'ummar Hausawa ta ja layi tsakanin ciniki da caca, ko da yake dukansu biyu sun ƙunshi sa dukiya cikin haɗari da fatan samun riba. Cacar da aka sani a da ita ce ta wuri, wadda ake watsa ƙwayoyinsa a ƙasa a duba yadda suka kwanta, daga baya karta ta shigo ta karɓe fagen, kuma malamai sun haramta su bisa aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Fikihun Malikiyya ya ƙara da hana cinikin garari, wato sayar da abin da ba a san haƙiƙaninsa ko samuwarsa ba. Amma ɗan kasuwar da ke sayen dawa da masara da kaka a ƙauyukan masarautar Zuru, irin su Kanya da ke ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, ya kimshe su a rumbu har damina ta yi nisa farashi ya tashi, ba wanda ke kiran sa ɗan caca, duk da cewa yakan yi asara a shekarar da hatsi ya yi arha, domin akwai buhun da za a iya taɓawa, akwai dillalin da aka san gidansu, akwai kuma sarkin kasuwa da za a kai wa ƙara.

Da wannan ma'auni ne mutanen Arewa suka auna kasuwar hannun jari, wato wurin da ake saye da sayar da kason mallakar kamfanoni, inda mai kaso ke samun rabonsa na ribar shekara, yake kuma ɗaukar nasa rabon na faɗuwa. An yi wa kasuwar rajista a Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961 da takardun jari 19 kacal, kuma cikin waɗanda suka sa hannu a kafa ta akwai Alhaji Shehu Bukar da Sir Odumegwu Ojukwu da Akintola Williams. Dokokin mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 su ne suka cika ta da haja, aka sauya mata suna zuwa Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya a 1977, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978, sannan a Kano a 1989. Duk da haka kaso mafi tsoka ya tafi hannun masu kuɗin Kudu, saboda bankuna da dillalai can suka fi yawa, kuma attajirin Kantin Kwari ya fi aminta da atamfar da ke shagonsa a kan takardar da ba ya iya jujjuyawa, balle ga shakkun da ake yi kan kamfanonin giya da bankunan kuɗin ruwa. Ko a 1988, lokacin da gwamnatin Babangida ta ɗora wa Hamza Zayyad jagorancin kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati, sai da aka yi ta faɗakarwa tare da rarraba kason bisa jihohi kafin 'yan Arewa su miƙa hannu.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne tsarin mallakar kasuwar kanta. Shekaru sittin ta yi a matsayin ƙungiyar mambobi, ma'ana dillalan da ke cin la'ada a cikinta suna cikin masu ita, suna zaɓen majalisar da ke tsara dokoki, wadda kuma ita ce ke ladabtar da mai laifi a cikinsu. Illar wannan ta fito fili bayan 2004, sa'ad da gwamnan Babban Bankin Nijeriya Charles Soludo ya umarci kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, abin da ya rage bankuna daga 89 zuwa 25, ya kuma tura su neman kuɗi wurin jama'a. Malaman makaranta da 'yan fansho da ƙananan 'yan kasuwa sun yi layi suna sayen hannun jari, wasu bankuna kuma suka riƙa ba da rance domin a sayi kasonsu na kansu, farashi yana hawa ba don ribar kamfani ta ƙaru ba, sai don masu saye sun ƙaru. A watan Maris na 2008 darajar kasuwar ta haura naira tiriliyan 12, kafin shekara ta zagayo ta zubar da fiye da rabinta. A watan Agusta na 2009 sabon gwamnan Babban Bankin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe, a 2010 kuma hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta sauke shugabar kasuwar. Ƙaramin mai jari bai samu wanda ya cece shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani abin mamaki shi ne yadda irin wannan ya auku a daidai lokacin a duniyar wasannin intanet. A wasan Second Life, inda 'yan wasa ke amfani da kuɗin wasa da ake iya canzawa zuwa dalar Amurka, su da kansu suka buɗe gidajen caca da bankuna da kasuwannin hannun jari ba tare da mai sa ido ba. Da kamfanin Linden Lab, mai wasan, ya haramta caca a watan Yuli na 2007, masu ajiya suka yi rububin cire kuɗinsu, bankin Ginko Financial ya rushe a watan Agusta, wanda ya nuna cewa ribar da ake alkawarta wa masu ajiya ba ta da tushen da zai iya ɗaukar ta. A farkon 2008 kamfanin ya hana duk wani bankin da ba shi da lasisin wata gwamnati.

Shakkun da 'yan Arewa suka nuna tun farko, saboda haka, ba jahilci ba ne kamar yadda wasu suka ɗauka, domin tambayar da suke yi, wato mene ne a bayan takardar kuma wa ke tsaron kasuwar, ita ce tambayar da ta dace. An fara amsa ɓangarenta na farko da jerin kamfanonin da suka dace da Shari'a na kamfanin Lotus a 2012, da sukuk na naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 don gina hanyoyi, wanda takardar jari ce da ke jingine da kadara ta zahiri. Ɓangare na biyu ya ɗauki lokaci mai tsawo: sai a 2021 aka raba kasuwar da tsarin mallakar mambobi, aka mayar da ita kamfani mai suna NGX, aka kuma ware sashen sa ido ya zama kamfani mai zaman kansa daga sashen ciniki.