Sanyin Barikin Ladi, daga ramin kuza zuwa kunyar dankali

Duk direban da ya saba hanyar Akwanga zuwa Jos ya san inda iska take canjawa. Da ya gama fama da Hawan Kibo, sai zufar da ta jiƙa masa riga ta bushe, ya fara laluben rigar sanyi. Ya hau tudun Filato ke nan, inda ƙasa ta ɗara matakin teku da fiye da mita 1,200. Kowace mita dubu da mutum ya hau, zafi kan ragu da kamar digiri shida. Shi ya sa mutanen Barikin Ladi, da ke kudu da Jos a kan hanyar Mangu, suke kwana cikin bargo a daren da mutanen Lafiya ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Tun kafin a kafa garin, Berom ke noma wannan tudu. Acha ce babban abincinsu, don tana jure ƙasa marar ƙarfi, kuma suna kewaye gidaje da gonakin bayan gida da shingen ƙerana, wanda ke tare dabba, yana kuma karya ƙarfin iska. Ruwa kan sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, wajen milimita 1,400 a shekara, abin da ya fi na Kano nesa ba kusa ba. Ruwan farko kan zo da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara mai tsinke ganyen shuka.

Kuza ce ta kawo baƙi. A farkon ƙarni na 20 ma'aikatan kamfanin Neja suka bi sawun kuzar da suke gani a kasuwannin Arewa har suka iso tudun, kuma a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya kai Bukur. Kamfanoni suka kakkafa barikokin lebura a bakin rafuka, Barikin Ladi na cikinsu, Hausawa da Barebari da mutanen Kudu suka cika su. Ga Turawa, sanyin nan lafiya ce tsagwaronta. Jami'in da zazzaɓi ya galabaitar a gaɓar Binuwai, Jos ake turo shi ya huta. Rashin ƙudan tsando kuma ya jawo Fulani da shanunsu, ya sa aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924.

Lebura bai ga wannan lafiya ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta ana tsakiyar yaƙi, sai gwamnatin mulkin mallaka ta koma ga aikin tilas, wanda talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna. Ta hannun sarakuna da hakimai aka kwaso dubun-dubatar manoma daga lardunan Sakkwato da Katsina da Barno da Binuwai. Mutanen ƙasar zafi ne, da yawansu daga su sai 'yar taguwa. Suna wuni tsaye cikin ruwan wankin kuza, su kwana a bukkokin ciyawa da iska ke ratsawa, ga abinci bai isa ba. Ciwon haƙarƙari da zawo suka yi ta ɗauke su, musamman a wurin ginin madatsar ruwa ta Tenti. Bill Freund, masanin tarihin da ya wallafa littafi kan leburorin kuza a 1981, ya bi diddigin wannan ta'asa. Guje-gujen leburori da surutun da aka yi a majalisar Ingila suka taimaka aka dakatar da ɗiban a 1944. Waɗanda suka shirya shi sun san sanyin tudun sarai, tunda gidajensu na da murhu a falo.

Haƙar ta kuma sauya iskar da ake shaƙa. An sare itatuwan bakin rafi don girkin barikoki, an bar tsibin jar ƙasa da farin yashi tsirara, iskar rani na kwasa tana watsawa. Bayan yaƙi aka fara cike wasu ramukan ana dasa itacen turare, wanda har yau shi ne ke jere a gefen hanyoyin yankin, shi ne kuma yawancin itacen girki.

Amma babbar ƙurar daga nesa take tasowa. A arewacin Chadi akwai kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi na zamanin da yake da girma. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas kan tashi farar ƙurar wurin, ta ratsa Barno da Bauchi, cikin 'yan kwanaki ta lulluɓe Filato. Rana ta koma fari fat, duwatsun da ake hangowa su ɓace, jiragen sama su kasa sauka a Heipang, filin jirgin da ke cikin ƙaramar hukumar Barikin Ladi. Wasu dararen sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10. Da asuba iska mai sanyi kan kwanta a kwari ta danne hayaƙi kamar murfin tukunya: na ƙunar daji da mafarauta da makiyaya ke cinnawa, na murhun masu ƙosai, na tayar da 'yan achaba ke ƙonawa su ji ɗumi. Sai hantsi ya dubi ludayi yake wartsakewa. Lokacin ne tari da asma da ciwon ido ke cika asibitoci, lokacin ne kuma ake gargaɗin masu shiga ɗaki da kaskon gawayi su rufe ƙofa da taga.

Wannan hunturun dai shi ne jarin manomi a yau. Dankalin Turawa ba ya yin 'ya'ya sosai sai dare ya yi sanyi, don haka tudun ya karɓe shi hannu bibbiyu tun da masu haƙa da 'yan mishan suka shigo da shi. Da kasuwar kuza ta durƙushe a 1985, kududdufan da kamfanoni suka bari cike da ruwa suka zama rijiyoyin noman rani. A Disamba za a ga manomi da hular sanyi da safa a hannu yana jan injin ban ruwa a bakin tsohon rami, ga kunyoyin dankali, kabeji, karas da latas. Masu lambu na kusa da Jos sun daɗe suna sayen tokar bola su zuba a matsayin taki, dabara mai ƙara yabanya, mai kuma ƙara hayaƙi a gari. Buhunan kan bi ta kasuwannin Bokkos da Mangu su nufi Abuja, Kano da Legas.

Abin mamaki, watan da iska ta fi tsabta shi manomin dankali ya fi tsoro. A Yuli da Agusta ruwa kan wanke sararin sama tas, gajimare ya sauko har kan gona, yayyafi ya kwana ya wuni. Sanyi da laima su ne abin da cutar ƙunar ganye ke so, irin wadda ta jawo yunwa a Ailan a 1845. Baƙin tabo kan fara daga gefen ganye, cikin mako guda gona ta ruɓe tana wari. Ta sha yi wa Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ɓarna a 'yan shekarun nan, har manoma da dama sun koma yin shuka da ruwan farko don su tone kafin tsakiyar damina, yayin da masu bincike a tashar dankali ta Kuru ke gwada irin da zai jure mata.