Kotizon da Sankarar Firostet: Tarihin Amfaninsa da Illarsa



Firostet wata 'yar ƙwaya ce da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma sankara takan kama ta yayin da shekaru suka ja. A 1941 Charles Huggins na Jami'ar Shikago, a Amurka, ya nuna cewa sinadarin mazakuta ne ke ciyar da wannan sankara, idan aka yanke shi sai ta lafa. To, amma bayan wani lokaci takan sake tashi. Huggins ya yi zaton ragowar sinadarin na fitowa daga wasu ƙwayoyi biyu da ke bisa ƙoda, watau adirinal. A 1945 ya cire wa wasu marasa lafiya su, amma yawancinsu ba su daɗe ba, domin jiki ba ya rayuwa sai da ruwan da ƙwayoyin nan ke fitarwa.

A 1948 Philip Hench na Asibitin Mayo ya ba wata mata mai ciwon gaɓoɓi kotizon, watau kwatankwacin wannan ruwa. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Daga baya likitoci suka gane cewa maganin yana sa adirinal ta yi barci ba tare da an sa wuƙa ba. A 1989 Ian Tannock na Toronto ya nuna cewa ɗan kaɗan na firednizon, ƙanin kotizon, yana rage zafin ƙashi ga waɗanda sankararsu ta yi nisa. Aka haɗa shi da dositaksel a 2004, da abirateron a 2011.

Sai dai tun 1932 Harvey Cushing ya bayyana abin da ke samun mutum idan ruwan nan ya yi masa yawa: fuska ta kumbura, ciki ya yi tulu, cinyoyi su rame, jini ya hau, sukari ya hau. Waɗannan alamu su ne ake gani ga wanda ya daɗe yana shan maganin. Har ila yau garkuwar jiki takan yi rauni, yanar ido ta sauka, ƙashi ya zaizaye. Ga mai sankarar firostet zaizayar ƙashi ta fi muni, domin yanke sinadarin mazakuta ya riga ya raunana ƙashinsa, faɗuwa kaɗan sai karaya.

Saboda haka likita yakan ba da mafi ƙarancin abin da zai yi aiki, yana auna jini da sukari da ƙarfin ƙashi a kai a kai. Haɗari mafi girma shi ne a daina sha rana ɗaya. Adirinal da ta daɗe tana barci ba ta farkawa nan da nan, sai mutum ya faɗa halin da marasa lafiyar Huggins suka shiga a 1945. Duk mai jinyar mahaifi ko kawu, kada ya bari maganin ya yanke, kada kuma a rage shi sai da umurnin likita.